Sayen Kwamfutar Tafi-da-gidanka: A Soka Buhu Kafin A Biya

 Yau ba farashin gero ko na wake na zo da shi ba, ko da ya ke in an bi diddigi kansu zancen zai koma. Zancen kwamfuta ne, irin wadda a ke ninkewa a sa a jaka, wadda yara ke ce wa laftof. Mutum uku sun tare ni a rumfa cikin wata guda, kowa ɗansa ya matsa masa a saya, sun kuwa ji labari na saya sau biyu. To, sau biyun gaskiya ne, amma ta farkon ba da son raina na rabu da ita ba.

Ga yadda abin ya faru. A farkon 2023, sa'ad da aka canja takardun naira kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, ciniki ya koma ta waya. Wanda ya ɗauki buhu goma sai ya turo rabi yau, sulusi jibi, saura ya ce sai kasuwa ta zagayo, wani kuma da sunan ƙanensa kuɗin za su shigo. Littafina na ajami wanda na ke riƙe da shi tun ina yaron awo ya fara gazawa. Babban ɗana ya ce, "Baba, a sayi kwamfuta in riƙa shigar maka da lissafi, in kuma yi karatuna da ita." Na ga maganarsa da hanya, domin tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta a ke yinta, ƙannensa kuma suna tafe. Da kaka ta yi na kai wake Dawanau, na sallamar, na shiga gari na sayo guda a wani shago. A kwali ta ke, da leda, mai shagon ya ce sabuwa ce dal. Kuɗinta bai kai na maƙwabtansa ba, ni kuwa na ɗauka iya tayi ne ya ba ni. Rasit ɗin da ya rubuta mini ba kome a kai sai kwamfuta ɗaya, kuɗi kaza, an biya.

Wata biyar ta yi tana aiki. Da bazarar 2024 ta shigo sai ta fara zafi, fankarta na kuka kamar injin niƙa, tana mutuwa da kanta tsakar aiki. Wata safiya sai muka ji tana ƙas-ƙas-ƙas daga ciki, daga nan ba ta sake tashi ba. Muka kai ta Katsina wajen mai gyara. Da ya buɗe sai ya kira ni, ya ce, "Alhaji, zo ka ga sabuwar taka." Kawunan sukurorin duk sun cinye don yawan kwancewa, ƙurar ciki ta dunƙule kamar auduga, ba ta wata biyar ba ce. Ma'ajiyar da ke ciki kuma tsohuwar samfuri ce mai juyawa, alhali kwalin ya ce sabuwar samfuri ce. Ita ce ta mutu, ta tafi da lissafin bashin mutum talatin da ɗoriya, tun daga kaka. Na koma wurin mai shago, ya dubi rasit ya ce, "Ina shaidar wannan ce na sayar maka?" Ba ni da ta cewa. Ni da ba na karɓar buhu sai na soka masa ƙarfe sama da tsakiya da gindi, na watsa a tafin hannu na duba tsakuwa da ƙaiƙayi da ƙwari, ga shi na biya kuɗin buhuna da yawa a kan kwali da leda.

Kafin in sayi ta biyu sai da na zauna da masu gyara kwana da kwanaki, na sha shayinsu suka sha nawa. Abin da na tsinta ke nan zan zuba muku.

Da fari, kwamfuta a kasuwa iri uku ce: sabuwa ta gaske, da ta hannu wadda a ke shigowa da ita daga Turai da Amurka, da wadda aka wanke aka mayar cikin kwali. Ta hannu ba aibi ba ce in an faɗa maka, kuma kuɗinta ka biya. Da yawa cikinsu na ofisoshin can ne da aka canja musu sababbi, wasunsu sun fi sabuwa mai araha ƙarko. Algus ɗin shi ne a sayar maka da ta uku da sunan ta farko. Galibin kayan ta Ikko su ke shigowa, su sauka kasuwar kwamfuta ta Ikeja, sa'an nan su hau zuwa Kano, irin su titin Beirut da kasuwar Farm Centre, daga nan su watsu Katsina da Daura. Hannu nawa ke nan? Kowane hannu kuma da irin halinsa.

Ƙarfen soka wannan buhu shi ne lamba. Kowace kwamfuta tana da lambar kanta wadda babu mai irinta, tana jikin kwali, tana ƙarƙashin na'urar, tana kuma rubuce a cikinta inda yaronka zai iya dubowa da zarar an kunna. Ukun nan lalle su zo ɗaya. Sa'an nan a shigar da lambar a shafin kamfanin da ya ƙera ta, HP ne ko Dell ko Lenovo, nan take a waya, za su nuna samfurinta da ranar da garantinta ya fara da ranar da zai ƙare. In an ce sabuwa ce amma garanti ya ƙare tun bara, to, ka yi sallama ka fita. Batir ma yana ba da shaida. Akwai umarnin da a ke rubutawa, powercfg /batteryreport, sai ta fito da takarda mai nuna wutar da batirin ya ke ɗauka ranar da aka yi shi, da wadda ya ke ɗauka yau. Sabo, lambobin biyu kusan ɗaya su ke. Akwai kuma wata manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, mai faɗin awa nawa ma'ajiyar ta yi tana aiki tun da aka yi ta. Wadda ta yi awa dubbai ba sabuwa ba ce ko da an rantse maka. Duk wannan bai fi rabin awa ba. Mai shagon da ya hana ka rabin awa ya riga ya gaya maka abin da ke cikin kwalinsa.

Na biyu, abin da ke cikin cikinta. Abu uku za ka riƙe. Akwai mai aikin, watau abin da ke yin lissafin. Akwai ram, wadda ta ke kamar tabarmar da ka ke baza hatsi kana aiki, in ta yi ƙanƙanta sai ka yi ta kwashewa kana sake zubawa. Akwai ma'ajiya, ita ce rumbu.

Wajen mai aikin nan a ke yi wa mutanenmu wayo. Sai a ce maka "wannan i7 ce, ta fi i5," kai kuwa ka ga bakwai ta fi biyar. Ba a gaya maka shekarar girbi ba. Dubi lambar da ke biye. In ka ga i7-4600U, wannan zubi na 4 ne, na 2013. In ka ga i5-1235U, zubi na 12 ne, na 2022, ta kuwa fi waccan nesa ba kusa ba. Tsohon gero ko a buhu mai kyau ya ke, tsoho ne. Abin ya ƙara nauyi yanzu, domin kamfanin Microsoft ya rufe kulawar da ya saba yi wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'idarsu tana son zubi na 8 na Intel zuwa sama, ko Ryzen 2000 na AMD zuwa sama. Akwai masu ɗora ta da dabara a kan tsofaffi, ka gan ta kamar ta zamani, amma mai kuɗin bankinsa ke bi ta cikin na'ura bai kamata ya dogara da dabara ba. Sababbin Intel na tun ƙarshen 2023 wasunsu sunansu Core Ultra, kada sunan ya ruɗe ka.

Ram kada ta gaza 8, in da hali 16. Ka tambaya ko ana iya ƙara ta, domin da yawa na yanzu a like ta ke, yadda ka saya haka za ta mutu. A ƙarshen 2025 farashin ram ya tashi ƙwarai a duniya saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna sare ta tun daga masana'anta, yadda mai babbar mota ke shigowa kasuwarmu da hantsi ya kwashe wake kafin masu tiya su taya. Ga kuma dala, wadda a hukumance ta ke wajen naira 460 kafin Yunin 2023, ta haura 1,500 a farkon 2024. Kayan nan duk da dala a ke sayo su. Saboda haka ban rubuta farashi a nan ba, kowa ya tambayi shago uku ranar da zai saya.

Ma'ajiya iri biyu ce. Tsohuwar faifai ne a ciki mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura tana shawagi a kansa. Ka ɗora wannan bayan babur ka bi hanyar ƙauye, ko yaro ya bangaje ta tana kunne, ka ga abin da zai biyo. Irinta ce ta cinye mini lissafi. Sabuwar, wadda a ke kira SSD, ba abin da ke motsi cikinta, ta fi sauri, ta fi jure jijjiga. Ita za ka nema, mai 256 ko 512. Sai dai masu gyara sun gargaɗe ni, tsohuwar takan yi kuka kafin ta mutu, sabuwar kuwa sau da yawa sai dai a wayi gari. Akwai kuma 'yan ƙananan nan masu araha, ram 4, ma'ajiya 64 a like. Sababbi ne na gaske, amma wata shida ba su cika ba rumbun ya cika.

To, wane kamfani ya fi? Wannan ita ce tambayar da kowa ke fara yi, ni kuwa na mai da ita baya da gangan. Babu wanda tukunyarsa ba ta taɓa ƙonewa ba. A watan Agusta 2006 Dell ya janye batir miliyan 4.1 daga hannun mutane don suna iya kama wuta, Apple ya janye miliyan 1.8, batiran kuwa duk ƙirar Sony ne. A 2008 wani ɓangaren hoto na kamfanin Nvidia ya yi ta mutuwa cikin kwamfutocin HP da Dell da Apple. Apple ɗin nan mai tsada, madannan da ya sa wa kwamfutocinsa daga 2015 zuwa 2019 ƙura kaɗan ke hana su aiki, har a 2022 ya yarda ya biya dala miliyan 50 a Amurka don a kashe ƙarar. Ƙurar Amurka ke nan fa, ina ga hunturun Mashi.

Abin da ya fi sunan kamfani shi ne wane layi ne cikin kayansa. Kowannensu yana da na gida da na ofis. Na ofis su ne irin ThinkPad na Lenovo, wanda asalinsa na IBM ne tun 1992 kafin Lenovo ya saye a 2005, da EliteBook da ProBook na HP, da Latitude na Dell, wanda a 2025 suka canja wa sababbin suna zuwa Dell Pro. Jikinsu ya fi ƙarfi, mahaɗin murfinsu ya fi jure buɗewa da rufewa, an kuma yi su don a kwance a gyara. Ni a ganina wanda ke zaune Mashi tambayar da zai yi ita ce, in fuskar nan ta fashe ko batir ya mutu, ana samun nata a Katsina, ko sai Kano, ko sai an aika Ikko? Je ka tambayi mai gyara, ba mai sayarwa ba. Mai sayarwa abin da ke kantarsa zai yaba, mai gyara kuwa shi ke ganin gawarwaki.

Sai rasit. A rubuta sunan samfuri, da lambar nan, da cewa sabuwa ce, da kwana nawa za ka iya mayarwa. Mu da muka zauna gaban malamai mun san babin ciniki na Risala ya hana ɓoye aibin kaya, ya kuma ba mai saye damar mayar da abin da ya tarar da aibi a ciki. Dokar ƙasa ma haka, akwai ta kare masu saye wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya sa wa hannu a farkon 2019, da hukumarta FCCPC mai karɓar ƙorafi. Amma ko gaban alƙali ko gaban hukuma ko gaban shugabannin kasuwa, abin da za a fara tambayarka shaida ce. Garantin kamfani galibi shekara ɗaya ne, ba ya ɗaukar faɗuwa ko zubar ruwa, wani kuma na ƙasar da aka fara sayar da ita ne kaɗai, don haka ka tambaya ina za a kai ta a Nijeriya. Masu gyara sun ce wadda ta zo da lahani daga masana'anta takan nuna shi da wuri. Kada ka kai ta gida ka adana a akwati kana jiran yaro ya gama jarrabawa. Ka ba ta aiki sosai a makonnin farko, a danna kowane madanni, a gwada kowace kafa, tun kwanakin mayarwa ba su ƙare ba.

Abokan gabarta a ƙasarmu uku ne: zafi da ƙura da wuta. Apple ya rubuta a yi aiki da nasa tsakanin digiri 10 zuwa 35, na sauran ma bai yi nisa da haka ba. Mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40, balle cikin shago mai rufin kwano. Zafi shi ke tsufar da batir tun lokacinsa bai yi ba. Kada a ɗora ta kan katifa ko buhu, domin ta ƙasa ta ke shaƙar iska. A sa ta kan katako, a ɗan ɗaga bayanta. Kada a buɗe ta inda a ke sheƙa ko casa. Bayan hunturu a kai a hure fankar. Wajen wuta, cajar gaske tana karɓar daga 100 zuwa 240, an rubuta a jikinta, amma ba ta son fizgar da a ke yi sa'ad da aka kawo wuta ko aka tayar da janareta. A zare, sai wuta ta zauna a mayar. In caja ta mutu kada a sayi ta jabu don rangwame, cajar banza ita ke ƙona babban faifan ciki wanda masu gyara ke ce wa bod, shi kuwa kuɗinsa ya kan kusa rabin na'urar ko ya fi. Ni yanzu a sola mu ke cajinta.

In kuma ta lalace duk da haka, kada a ruɗe. In ta ƙi tashi sam, a fara gwada wata caja irin tata, a kuma zare kome a danne maɓallin kunnawa kamar rabin minti. In fanka na juyawa fuska baƙa, a jona ta da talabijin da wayar HDMI, in hoto ya fito can, to, fuskar ce ko igiyarta, abin da sauƙi. In tana ƙiftawa da fitila ko tana ƙara, a ƙirga sau nawa, domin ƙirgar nan ita ke faɗin inda ciwon ya ke. Dell in an danna F12 wajen kunnawa, HP kuma Esc sa'an nan F2, suna da hanyar gwada kansu su faɗi abin da ya lalace. Ka sa a yi wannan kafin ka je, don kada a ce maka bod ne alhali ram ce ta ɗan motsa. In ka ji ƙas-ƙas irin tawa, kashe nan take. Mu da muka yi ta kunnawa muna kashewa, mai gyara ya ce da hannunmu muka ƙarasa ta. In ka ga jikinta ya ɗago ko wurin shafa yatsa ya tudu, batir ne ya kumbura, a daina caji, kada a huda shi, kada a ajiye kusa da buhuna. In shayi ko kunu ya zube a kai, a kashe, a kife, a kai a buɗe a goge. Kada a tura ta cikin buhun shinkafa yadda yara ke yi da waya. Ni mai sayar da hatsi ne, da yana magani da na fi kowa murna.

Wurin mai gyara, in tana cikin garanti kada kowa ya kwance ta sai wanda kamfani ya yarda da shi. In ya ƙare, ka tsaya a buɗe a gabanka, yaronka ya ɗauki hoton ram da ma'ajiya da batir, a ba ka duk abin da aka cire. Akasarinsu mutanen kirki ne, wanda ya buɗe mini ido ma cikinsu ya ke, amma awo a gaban mai kaya ya fi daɗi ga kowa. Akwai kuma wani abu da ban taɓa ji ba sai a bakinsa. Windows na yanzu sau da yawa tana kulle ma'ajiya da kanta, da wani makulli mai suna BitLocker, mabuɗinsa lamba 48. In aka canja bod, ko aka ciro ma'ajiyar don a kwashe abin da ke ciki, sai ta nemi lambar nan, in babu, ko kayanka na nan lafiya ba mai iya buɗewa. Ranar da ka saya, ka sa a fito maka da ita a rubuta a takarda. Tawa tana cikin gafaka tare da takardun gona.

Lissafin da ya ɓace kuwa, wata biyu muka yi muna haɗa shi daga saƙonnin banki da abin da na iya tunawa da abin da masu bashin suka faɗa da bakinsu. Wasu sun zo da kansu, har akwai wanda ya faɗi fiye da abin da na ke zato. Mutum huɗu har yau ba mu daidaita ba, biyu cikinsu tare muka tashi, yanzu sai gaisuwa daga nesa. Wannan ya fi mini ciwo bisa kuɗin na'urar. Yanzu kowane daren Alhamis yaron ya kan kwafe lissafin a filas, ya kuma tura shi Google Drive, inda a ke ba kowa wuri kyauta mai 15, wanda ya ishi lissafin ɗan kasuwa shekaru. Shi yana karantowa, ni ina sauke jimlar kowane mutum a littafina na da, da tawada.

Ta biyun a Kano na saye ta ita ma, ta layin ofis, ram 16, bayan na zauna a shagon awa guda ana gwaji, mai shagon har ya aika aka kawo mini ruwa. Wanda ke shirin saye, in yana so ya ga yadda a ke duba lamba da batir da idonsa, ya same ni a rumfa ranar kasuwa bayan la'asar, sa'ad da awo ya lafa. Ya zo da yaron da zai riƙe ta.